Shatar jirgin ruwa da ma'aikatansa a Maldibs, wa ya taɓa yi?

Abban_Khalil:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawara daga wanda ya san abin ba wanda ya gani a Instagram ba. Ni da Yayana muka yanke shawarar mu fitar da Hajiyarmu ta huta, tunda Baba ya rasu ba ta je ko'ina ba in ba Umra ba, kuma likita ma ya ce canjin iska zai mata amfani. Mu 9 ne, ni da iyalina da yara biyu, Yaya da nasa iyalin da yarinya ɗaya, sai Hajiya da ƙanwarmu. Da farko otal muka so kamawa a Maldibs, ƙasar tsibiran nan da ke tekun Indiya, to sai matata ta nuna min hotunan otal ɗin, ko'ina turawa ne kwance a bakin ruwa kusan tsirara, na ce wlh in Hajiya ta ga wannan a ranar za ta ce a mai da ta Kano. Shi ne wani abokin kasuwancina ya ce me zai hana mu yi shatar jirgin ruwa gaba ɗaya, irin mai ɗakunan kwana da kyaftin da kuku da masu hidima, mu kaɗai a ciki, ana zagayawa da mu tsibiri tsibiri har sati guda.

Na samu wani a intanet mai ɗaki 5, sun rubuta dala 30,000 a sati. In muka raba biyu ni da Yaya za mu iya. Tambayata, wannan kuɗin shi kenan ko akwai wani abu a ƙasa? Abinci halal ne? Ya ake sallah a ciki? Sannan a cikinmu babu wanda ya iya ruwa, ni dai iyakacina Tiga, shi ma daga bakin gaɓa. Muna tunanin watan Agusta saboda hutun yara. Na gode.

Sani_Deira:
Wa alaikumus salam Alhaji. Na yi shekaru ina aikin tikiti da shirya tafiye-tafiye a Dubai, irin wannan shatar ta bi ta hannuna ba sau ɗaya ba, don haka bari in fara da wurin da ake yanka mutane.

Wannan 30,000 ɗin da ka gani, yawanci kuɗin jirgi ne da albashin ma'aikata da inshorar jirgin, shi kenan. Kamar ka yi shatar mota ne aka ce maka mai naka ne, abincin hanya naka ne, kuɗin tasha ma naka ne. A manyan jiragen alfarma akwai abin da suke kira APA, mu ce kuɗin cefane, kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na kuɗin shata, kana biya tun kafin ka hau. Kyaftin ne yake riƙewa, da shi zai sayi dizal da abinci da lemo da kuɗin tsayawa a tasha, ranar sauka ya kawo maka lissafi da rasit, in ya yi saura a ba ka canjinka in bai isa ba ka cika. Kuma dizal ɗin nan shi ne dodon, don ba tafiya kaɗai ke cin mai ba, janareta ba ya mutuwa dare da rana saboda esi da firji da injin da ke tace ruwan teku ya koma na wanka. In ka ce wa kyaftin a taka wuta a kai ku wani tsibiri mai nisa kafin magariba, ba zai yi musu ba, zai ce to yallaɓai, aljihunka ne zai ji.

Ga lissafi sama-sama. Shata 30,000. Cefane a kashi 30 ya zama 9,000. Harajin yawon buɗe ido na Maldibs ya koma kashi 17 tun Yulin 2025, ka ga 5,100 ke nan a kan kuɗin shatar kawai. Akwai wani harajin muhalli dala 12 kowane mutum kowace rana tun farkon 2025, ku 9 kwana 7 ya kama 756, sai dai in akwai ɗan ƙasa da shekara 2 a cikin yaran, shi ba a biya masa. Sai tukwicin ma'aikata, ba dole ba ne a rubuce amma al'ada ce da ba a tsallakewa, kashi 5 zuwa 15 ake bayarwa, mu ce 3,000. Tara ka gani, kun doshi 48,000 kuma ba a yi maganar tikitin jirgin sama na mutum 9 ba.

Amma tsaya, kar ka karaya tukuna. Jiragen 'yan ƙasar, waɗanda suke ce wa safari, da yawansu farashinsu ya haɗa da abinci sau uku da man tafiyar wasu awanni a rana. Saboda haka tambayar farko da za ka tura musu a rubuce ita ce, me da me ke cikin kuɗin, awa nawa na tafiya a rana, haraji da kashi 10 na hidima suna ciki ko a'a. In suka fara kwana-kwana ka bar su.

Biya kuma, rabin kuɗi ake bayarwa kafin alƙalami ranar sa hannu, sauran rabin da kuɗin cefane kamar wata guda kafin tafiya. Ka bi ta hannun dillali na gaske, wanda yake cikin ƙungiyar dillalan jiragen shata irin MYBA ko CYBA, la'adarsa mai jirgi ne ke biya ba kai ba, don haka ba ka rage komai ba in ka ce za ka kewaye shi. Duk wanda ya ce ka tura dala asusun wani mutum da sunansa, ko ya ce yau kaɗai rangwamen yake, ɗan damfara ne. Hoton jirgi kowa zai iya saukewa ya liƙa a shafinsa.

Maman_Ilham:
Yaya Sani ya gama maganar kuɗi, ni bari in ba ka ta ciki don mun yi, mu 8, a watan Fabrairu. Kuma abu na farko da zan ce maka dan girman Allah ka cire Agustan nan daga ranka in dai da Hajiya za a je. Su lokacinsu biyu ne, daga Disamba zuwa Afrilu rani ne ruwa kwance luf kamar an shimfiɗa tabarma, daga Mayu zuwa Nuwamba kuma iskar damina ce ke kaɗawa daga kudu maso yamma, ana samun ranaku masu kyau amma ana samun hadari da igiyar ruwa. Shi ya sa za ka ga farashi ya sauka a lokacin, ba don suna son ka ba ne. Mu da muka je a lokaci mai kyau ma, ranar da muka tsallaka daga wajen Male babban birninsu zuwa tsibiran Ari, awa huɗu da wani abu a buɗaɗɗen teku, uwar mijina ta yi amai har sai da ta fara wasiyya, tana cewa a gaya wa Sabi'u kuɗin adashinta na wurin wance. Yanzu muna dariya amma a ranar ba wanda ya yi dariya. Laifinmu ne, an ce a sha maganin jiri tun kafin a tashi mu kuma muka bari sai da abu ya fara, ga shi mun ba ta ɗakin can gaba saboda ya fi girma, ashe gaban jirgi shi ya fi tsalle. Ku ba Hajiya ɗakin tsakiya na ƙasa ko da ya fi ƙanƙanta, kuma ku tambayi likitanta wane maganin jirin ne ba zai yi faɗa da magungunanta ba. Ku sa hutun Disamba ko na Ista kawai.

Abinci kam kar ka damu, ƙasar Musulmi ce gaba ɗaya, naman alade da giya ma ba a barin matafiyi ya shigo da su ta filin jirgi. Amma jiragen yawon buɗe ido suna da lasisin sayar da giya, don haka ka rubuta a takardar da za su turo maka, akwai wata doguwar takarda da ake cikewa ta abin da kuke ci da wanda ba kwa ci da ciwon da wani yake da shi, ka rubuta ɓaro-ɓaro a kwashe kwalaben nan kaf kafin ku hau. Mu mun rubuta kuma sun kwashe, wurin suka cika shi da lemo da ruwan kwakwa. Ka ɗauki takardar nan da muhimmanci wlh, mijina ya cike tamu a gurguje ya rubuta muna cin komai, kwana biyu ana kawo mana ɗanyen kifi an yanka shi siriri an jera kamar fulawa, uwar mijina ta kalla ta ce yaron nan gas ɗinsu ne ya ƙare? Daga baya na shiga kicin da kaina, kukun ɗan Siri Lanka ne mai kirki, na nuna masa yadda ake dafa-duka da miyar tumatur, na fito da yajin da na taho da shi, daga ranar aka zauna lafiya. Ku tafi da yaji da kuka da daddawa da garin kunu, ba nauyi gare su ba. Nasu abincin ma akwai mai daɗi, da safe suna yin wani mas huni, kifin tuna ne da kwakwa da albasa da barkono a cakuɗe ana ci da wata gurasa siririya, yarana har yau suna tambaya. Kifi dai sai kun ce ya isa, da daddare ma'aikatan ke jefa ƙugiya su kamo a gasa a take.

Maganar sirri kuma, wadda na san ita ce a ran matarka. Eh ba baƙi a jirgin, amma ma'aikata na nan, namu su 7 ne kuma duk maza. Kar ta ɗauka za ta yi ta yawo ba mayafi kamar tsakar gidanta. Abin da muka yi, mijina ya zauna da kyaftin ranar farko aka yi yarjejeniya, saman bene na mata ne daga la'asar zuwa magariba ba mai hawa, gyaran ɗaki kuma sai mun fito karin kumallo. Da yake mafi yawansu Musulmi ne ba su ga abin a matsayin baƙo ba ko kaɗan. In kuna son mace mai hidima ku nema tun wajen ciniki, ba ranar hawa ba. Abin da ya fi min komai daɗi shi ne 'yan tsibiran yashi da ba kowa, fari fat a tsakiyar ruwa, su kai mu a ƙaramin kwale-kwale su kafa mana rumfa su ajiye kula su koma, mu mata zalla da yara, ruwa iya gwiwa kana hango ƙafarka da ƙananan kifaye. A nan ne na ga uwar mijina mai shekara 70 tana watsa wa jikokinta ruwa tana ƙyalƙyala dariya, ni dai a wurina kuɗin ya fita a wannan yammacin.

Rashin iya ruwa ba ya hana, amma rigar ceto dole, yara kuma ko a kan jirgi suke kar a cire musu in suna waje, kuma ka faɗi shekarunsu tun da wuri a tanadi daidai jikinsu. Ma'aikatan jirgi ba masu raino ba ne, wannan ma yana cikin takardar yarjejeniya, idonku a kan 'ya'yanku. Sannan ba a hawa da takalmi, akwai kwando a bakin ƙofa, kuma ku bar manyan akwatunan Makka ɗin nan a gida ku ɗauki jaka mai naɗewa don ba wurin ajiye su.

Dan_Fagge001:
Ikon Allah. Dala dubu 48 a sati ɗaya don a kalli ruwa. Alhaji ka buga shi a naira kuwa? Mu nan unguwarmu ruwan ma a jarka muke saye wurin 'yan garuwa. Da kuɗin nan rijiyar burtsatse nawa za a haƙa da sunan Baba? Ba hassada ba ce wlh, ka kai Hajiya Umra ta zauna otal mai kallon Harami ta fi jin daɗi.

Abban_Khalil:
Dan Fagge na ji kuma ban ji haushi ba, gaskiya ka faɗa ta wani ɓangaren. Rijiya mun yi wa Baba, Allah Ya karɓa, Umra kuma ta je har ta ce ƙafarta ba ta iya cunkoson yanzu. Matar nan ta sayar da ƙosai ta biya mana kuɗin makaranta, in Allah Ya hore mana mu nuna mata wani abu daga cikin halittarSa ban ga laifi ba. Amma lissafin Malam Sani ya sa jikina ya yi sanyi ba ƙarya.

Malam_Tarihi:
Alhaji Allah Ya saka da alheri kan hidimar mahaifiya. Kan sallah, abin da muka karanta a Malikiyya, tafiyar da ta kai mil 48 ana ƙasaru, kuma tunda ba za ku yi niyyar zaman kwana 4 a wuri ɗaya ba kuna nan a matsayin matafiya. A jirgi ana sallah a tsaye in an iya, in jiri ko tangaɗi ya hana a zauna. Ruwan teku ana alwala da shi, abin da ke cikinsa kuma halal ne, hadisi ne sananne. Wanda zai ba ku mamaki shi ne alƙibla. Mu nan mun saba cewa fuskantar gabas, har ya zama sunan sallar ma, to a can Makka tana yamma ne da ɗan karkata arewa, wajen faɗuwar rana za ku duba. Ku shirya wa Hajiya wannan bayanin tun a gida don na san tsofaffinmu, za ta ce ita ba za ta juya wa gabas baya ba. Sannan jirgi ko an jefa anga yana juyawa a hankali da iska, inda ka duba da azahar ba nan ba ne da la'asar, a riƙa tambayar kyaftin yana da kamfas a gabansa. Ranar Juma'a ku ce a tsaya kusa da tsibirin da mutane ke zaune, cikin tsibiransu kusan 1,200 wajen 200 ne kawai ke da mazauna kuma duk inda mutane suke akwai masallaci. Su Shafi'iyya ne, za ku ji suna bayyana bisimilla suna ƙunuti da asuba bayan ruku'u, kar ya dame ku. In kun samu rana a Male ku leƙa tsohon masallacin Juma'arsu na 1658, da dutsen murjani aka gina shi an sassaƙe shi kamar aikin katako.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba amma ba zan iya shiru ba, Dan Fagge ma ya saurara. Wurin nan, kuɗin da, da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi, wanda ake cewa ko wuri ba ni da shi, asalin mai kyan daga tsibiran nan ake kawo shi. Ganyen kwakwa suke jefawa a ruwa, 'yan halittun su manne, a janyo a shanya a yashi har naman ya ruɓe a wanke ɓawon. Ibn Battuta ya yi alƙalanci a can wajen 1343 ya ga ana haɗa-hadarsa, daga baya ya zo ya tarar da shi ana kashewa a Mali da Gao. Turawa kuma suka riƙa loda shi a gindin jiragensu suna kawowa gaɓar Afirka ta Yamma, har da shi aka sayi bayi, daga nan ya hauro Arewa. Lokacin da Baturen matafiyin nan Barth ya zo Kano a 1851 wuri 2,500 ne dalar azurfa ɗaya, keso guda kuwa, wato buhun wuri, wuri 20,000 ne. Wato da can su ke turo mana kuɗi a buhu, yanzu Alhaji zai mayar musu da shi ta banki.

Sani_Deira:
Hhhh Malam ka kashe ni. Alhaji ƙarin bayani kan shiga, Maldibs biza a filin jirgi ake bugawa kyauta ta kwana 30, amma ka riƙe tikitin dawowa da takardar shatar a hannu, ka cike fom ɗinsu na shiga ƙasa, IMUGA, a intanet cikin awa 96 kafin sauka, kuma katin rigakafin shawara na kowa da kowa ya zama yana jaka tunda daga Najeriya kuke. Hanya mafi sauƙi ta Doha ce, daga can awa 5 ba ta cika ba. Suna gabanmu da awa 4. Jiragen galibi a Hulhumale suke tsayawa dab da filin jirgin, za a zo a ɗauke ku.

Wani ya min magana ta gefe wai me ya sa ba Seshels ko Karibiyan ba. Seshels tana da kyau sosai, Mahe da Praslin da La Digue kusa suke da juna, amma a 2023 sun taɓa taƙaita shigar masu fasfo ɗin Najeriya, kar wanda ya biya kafin alƙalami sai ya ga izinin shigarsa a hannu. Karibiyan kuwa nisa da wahalar biza, ga lokacin guguwarsu daga Yuni zuwa Nuwamba, ga neman naman halal. Ga iyali irin naka Maldibs ta fi.

In kuɗin ne ya yi yawa akwai dabara, ka rage kwanaki zuwa 4 ko 5, ka zauna a yanki ɗaya kamar tsibiran Male ta Kudu da na Vaavu ba sai an yi doguwar tsallaka ba, mai ya ragu jirin Hajiya ma ya ragu. Ko ka nemi irin jirgin nan mai gindi biyu, katamaran, ba ya tangaɗi sosai kuma ba ya shan mai kamar manyan, illa dai ɗakunansa ƙanana ne kuma ku 9 da ma'aikata za ku ɗan takura.

Maman_Ilham:
Vaavu ɗin nan mun je, akwai inda kifayen shak marasa faɗa suke taruwa da daddare a bayan jirgi saboda fitila, yara za su haukace. Ni dai daga sama na kalla, da aka ce in shiga na ce a kai kasuwa.

Abban_Khalil:
Allah Ya saka wa kowa da alheri, har da Dan Fagge. Na tura wa Yaya duk abin da kuka rubuta, mun daidaita kan ƙarshen Maris in Allah Ya kai mu, kwana 5, kuma na tura wa masu jirgin tambayoyin Malam Sani ina jiran amsa a rubuce. Jiya da daddare na je gaida Hajiya na ɗan ɓaro mata zancen, na nuna mata bidiyon tsibirin yashin nan, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba sannan ta ce to shi jirgin in dare ya yi ina yake kwana. Na ce a kan ruwan. Ta ce a'a, ita a sauke ta a gaɓa da tabarmarta mu ma ɗauke ta da safe. Maman Ilham dan Allah ko za ki taimaka uwar mijinki ta yi mata magana a waya, ni na kasa.